Sharhi kan zobe mai tsaga da muka sanya wa famfonmu mai farfela

Famfo mai farfela, wanda ke tura ruwa a miƙe bisa tsawon sandarsa, ba shi da na biyu wajen kwashe ruwa mai yawa zuwa ɗan gajeren tudu, amma yana da aibin da duk mai aiki da shi ya sani. Idan matsin da ke gabansa ya ƙaru har ya koma tura kusan rabi zuwa kashi biyu cikin uku na ruwan da aka ƙera shi domin ya tura, sai ya shaƙe: ƙararsa ta sauya, bututu ya kama rawa, allurar ma'aunin matsi ta riƙa hawa da sauka. A tashar kwashe ruwan da nake kula da ita, wannan matsala ce ta sa muka ɗauko wani kamfani ya sauya bangon da ke kewaye da farfelar da zobe mai tsaga.

Dalilin shaƙewar shi ne, idan kwarara ta ragu, ruwa yana bugun fukafukan farfelar a karkace, sai ya rabu da jikinsu ta wajen baki, wani sashe nasa ya juyo baya zuwa mashiga yana wulwulawa tare da farfelar. Ruwan da ya riga ya fara juyawa kafin ya isa fukafukan ba ya samun ƙarfin turi sosai, don haka matsi ke faɗuwa a daidai lokacin da ake buƙatar ya hau. Tsagogin zoben ba su da zurfi, an jera su a miƙe daura da goshin fukafukan, kuma aikinsu shi ne karya wannan wulwulawa. Dabarar ta shahara da sunan J-groove, daga binciken da Farfesa Junichi Kurokawa ya yi a Jami'ar Ƙasa ta Yokohama da ke Japan.

Tun da aka ɗaura zoben, famfon yana ratsa wancan yanki mai wahala ba tare da rawar da muka saba gani ba. Allurar tana ɗan motsi har yanzu, amma idan na ɗora hannu a kan gidan boris lokacin da ruwan mazuba ya cika, ba na jin bugun da a da yake kwance notuna. Wannan kaɗai ya biya mini buƙata, domin girgizar ce ke cinye mana boris kafin lokacinsa.

Sai dai ba kyauta ake samun wannan kwanciyar hankali ba. A lokacin da famfon ke aikinsa na yau da kullum, mun lura yana ɗan ƙara jan wuta a kan adadin ruwa ɗaya, abin da ba mamaki ba ne tunda tsagogin suna barin wani ruwan ya zurare ta bakin fukafukan. Wanda famfonsa ba ya kusantar yankin shaƙewa, a ganina, ba shi da dalilin ɗaukar wannan asara. Haka kuma laka da ciyayi suna maƙalewa a cikin tsagogin, kuma tsagar da ta toshe ba ta da bambanci da bango sumul, don haka wankewa ta zama sabon aiki a gare mu.

Injiniyoyin kamfanin sun burge ni da suka auna tazarar da ke tsakanin bakin fukafukai da bango kafin su taɓa komai, suka kuma gaya mana a fili cewa zoben ba zai gyara mashigar da ke jawo iska ba. Inda suka gaza shi ne takarda: sun tafi ba tare da sun ba mu sabon jadawalin matsi da kwarara da aka gwada bayan gyaran ba, alhali da shi ake tsara lokacin kunna famfo na biyu. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki ya sanya gwajin a cikin yarjejeniya tun kafin a kwance farfelar.