Wata biyu ina tonon asalin dangin mijina a Findmypast

Surukata ta haura shekara tamanin, amma ba ta san sunan kakarta ta wajen uba ba. Abin ya tsaya mini a rai, ni da Goggo kan zaunar da mu a Katsina ta jero mana kakanni da ka. Da 'yata ta fara tambayar tsatson babanta, sai na biya kuɗin wata ɗaya a Findmypast, shafin intanet na tsofaffin takardun Birtaniya don masu neman asalinsu, daga baya na ƙara wani.

Takardun ƙidayar jama'a su suka fi biya mini buƙata. Duk shekara goma ake yin ta a Ingila, kuma tun daga ta 1841 ake rubuta sunan kowa. Ta 1911 ce ta sa ni hawaye. Maigida ke cike takardar da hannunsa, shafin kuma yana nuna hoton ainihinta. Ga rubutun kakan surukata, ma'aikacin masaƙar auduga a garin Burnley na Ingila: matarsa ta haifi tara, huɗu sun rasu. Na kai wa Mama, wato surukar tawa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata. Sunan kakar tata ma yana nan, a layi na biyu. Ta 1921 kuwa har sunan masaƙar ta ba mu.

Komawa baya sai da haƙuri. A Yulin 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Kafin nan sai littattafan coci. Masu ƙidayar 1841 kuma sukan zaftare shekarun manya, mai 34 a rubuta masa 30. Kwana uku na yi ina bin sawun wani mai suna iri ɗaya, sai takardar aure, mai ɗauke da sunan uban ango da sana'arsa, ta dawo da ni hanya.

Kada a nemi ƙidayar 1931, gobara ta cinye ta a 1942, ta 1941 kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya hana. Rajistar jama'a da gwamnati ta yi a farkon yaƙin, a 1939, ita ta cike mini gurbin, har da ranar haihuwar kowa.

Kuɗina bai tafi a banza ba. Mai niyya ya fara zama da tsofaffin gidan ya tattara sunaye da garuruwa kafin ya biya. Ni dai na tsaya a wani baftisma na 1798, Mama kuma ta ce in buga mata takardar 1911 ta rataye a falo.