Tsatsa a tankin inoks: garin sitirik ko Bar Keepers Friend?

Wata 'yar'uwa a wannan zaure, mai sana'ar soɓo da lamurje a nan Maraɗi, ta tambaya: tankinta na inoks (farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa) mai cin lita 19 ya fito da jajayen ɗigo a gindi da wajen walda, da me za ta fitar da su, garin sitirik ko garin goge na Bar Keepers Friend?

Hajiya, kafin a zo ga magani, abin da ke hana inoks tsatsa wata siririyar fata ce da sinadarin kuromiyam ke yi idan ya haɗu da iska. Inoks mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 cikin 100. Abu biyu ke yawan yage fatar nan: jabel (ruwan bilic na wanki) da soson ƙarfe. Jabel yana cinye ta. Soson ƙarfe kuwa yana barin ɓurɓushinsa a jikin tankin, ɓurɓushin ne ke yin ja, sai a ɗora wa tanki laifi.

Bar Keepers Friend yana ɗauke da asid okzalik da ɗan gari mai kankare tabo. Ki kwaɓa shi da ruwa kaɗan, ki shafa da soson roba, ki bi layin ƙarfen, kada ya wuce minti ɗaya ki ɗauraye. Tabon da hannu ke kaiwa, nan take yake tashi. Matsalarsa, ba abin ci ba ne, sai an ɗauraye sosai, kuma ba kullum ake dacewa da shi a shaguna ba.

Sitirik, farin garin tsamin nan da masu haɗa lemo ke saye, shi ba ya son gaggawa. Giram 50 a kowace lita, wato rabin kilo a lita 10 na ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 60. Ki fara wanke tankin da omo don maiƙo ya fita, in ba haka ba tsamin ba zai taɓa ƙarfen ba. Ki cire robobin murfi, ki zuba, ki bar shi minti 30, ki kifa tankin ɗaya ɓangaren ma ya sha nasa. Ruwan sitirik yana shiga bututu da lungun famfo inda soso ba ya isa, yana narkar da ɓurɓushin ƙarfe ya bar kuromiyam a sama. A ganinmu, sitirik ne ya fi dacewa da tankin abin sha. Garin goge a bar shi wa tabo mai taurin kai a wajen walda, sannan a bi da sitirik.

Kowanne kika yi, ki ɗauraye, ki bar tankin a buɗe ya bushe kwana ɗaya zuwa biyu fatar ta dawo. Da hunturu ma ba wahala.

Kada jabel ya haɗu da ɗayansu, iskar kulorin mai shaƙe numfashi ke tashi. In kuma kin wanke kin ji farce yana maƙalewa a wurin, rami ne ya riga ya ci ƙarfen. Babu garin da ke cike shi, kuma nan ƙwayoyin da ke tsamama soɓo suke ɓuya. Sai mai waldar inoks, ki kuma ja masa kunne kada ya sa burushi ko faifan da ya taɓa gugar baƙin ƙarfe.