Highlander, Pilot ko RX 350: wace jif za ta iya da zafin Sakkwato?

Jama'a da yawa in sun tashi sayen jif abin da su ke dubawa fenti ne da fitilu da girman sikirin ɗin gaba, alhali mu nan Sakkwato tambayar farko ita ce ya motar ga za ta yi cikin watan Afirilu, rana ta wuce digiri 40, esi na aiki, an cika ta da iyali an miƙi hanyar Tambuwal zuwa Jega. Motar da ba ta iya wannan ba ko kyauta anka ba ka wahala ce. Tambaya ta biyu kuma, in ta lalace wa zai gyara, kuma kayanta suna cikin gari ko sai an aika Kofar Ruwa Kano ko Ladipo Legas ka yi sati kana hawan a daidaita.

Bari mu fara da Toyota Highlander tunda ita kowa ke ambata. Wadda ta fi yawo hannun mutane ita ce ta 2008 zuwa 2013, injin V6 (mai silinda shida) mai lita 3.5, kuma babban abin da ya sa masu ita ba su cika kuka ba shi ne sarƙa ce ke tafiyar da taimin ɗinta ba bel ba, ba ka da fargabar ranar da zai tsinke. Injin ɗin ga shi ne cikin Camry V6 da Avalon da Sienna da Lexus RX 350 na wannan zamanin, don haka duk bakaniken da ke taɓa Toyota ya san cikinshi, safaya kuma ba sai ka sha yawo ba. Amma fa ba waliyiya ba ce. Watafamfonta na yoyo in ta kwana biyu, za ka ga wani busasshen abu ja-ja gefen injin. Kuma na farko-farko akwai wani bututun baƙin mai da ke da guntun roba a tsakiya, in ya fashe cikin tafiya mai ya tsiyaye kafin ka ankara injin ya buga, Toyota da kansu sunka koma yin na ƙarfe zalla, to ka sa a leƙa a ga wane ne ke jiki. Kujerun layi na uku kuma na yara ne, kar dila ya ce maka mutum bakwai manya, sai dai in kana da gaba da wanda za ka sa baya.

Tsohuwar ta 2001 zuwa 2007 har yau tana aiki, ta fi arha, sai dai V6 ɗinta mai 3.0 da mai 3.3 bel ne, kuma shekaru sun ja, mafi yawansu sun wuce hannu huɗu biyar. Akwai kuma mai silinda huɗu 2.7 da ta fito daga 2009, mutane na gudu wurinta don mai, tana ragewa kam amma ba kamar yadda a ke zuzutawa ba, bodin na da nauyi, in ka cika ta ka kunna esi za ka ji tana nishi wurin wuce tirela.

Maganar mai dole a yi ta tunda anka cire tallafi a watan Mayun 2023. V6 ɗin Highlander a takarda kamar kilomita 7 da ɗoriya take yi a lita cikin gari, kan babbar hanya wajen 10, kuma wannan lissafin Amurka ne ba na mai tsayawa shataletalen Gidan Man Ada nan cikin gari da esi a kunne ba. Tankinta ya haura lita 70. Ka buga da farashin yau ka gani ko albashinka zai ɗauka, don wallahi akwai jif da yawa da ke kwance cikin gidaje an rufe da tampol sai ranar Juma'a ko biki.

Honda Pilot ta 2009 zuwa 2015, mai kamar akwati, in maganar wuri ce ta doke Highlander nesa, mutum takwas take ɗauka kuma layin baya babba na iya zama ba tare da ya naɗe ƙafa ba. Mai iyali da yawa ita ta dace da shi kuma a kasuwa ta fi sauƙin kuɗɗi. Matsalarta tana son mai kula. Taimin bel gare ta, kuma irin injin da in bel ya tsinke fistin da bawul ke karo, aikin ya zama babba. Honda sun ce a canza wajen mil 105,000, amma cikin littafinsu sun rubuta cewa wanda ke tuƙi inda zafi ke wuce digiri 43 ya canza a mil 60,000, kai ka ce da mu su ke. To duk wanda ya sayi Pilot bai san tarihin bel ɗin ba ya canza shi tun satin farko tare da watafamfo, ya huta. Sai kuma tsarin nan VCM da ke kashe wasu silinda don rage shan mai, shi ke jawo shan baƙin mai da ɓata fulogi da kashe injin sit (robobin da injin ke zaune a kai), za ka ji motar na karkarwa. Giyarta kuma ba ta son kowane mai, nata DW-1 ne, mai shago ya ce maka duk ɗaya ne kar ka yarda. Wurin sayarwa ma ka sani ba ta fita da sauri kamar Toyota.

RX 350 kam ta 'yan gayu ce, shiru cikinta, kujera laushi, injin ɗaya da Highlander. Layi biyu ne kawai, mutum biyar. Na 2004 zuwa 2009 (330 da 350 ta farko) dashbod ɗinsu na tsagewa ko ya riƙa danƙo da zafin rana, nan garin kuwa ba sai an faɗa ba. Kayan injin da sauƙi, amma fitila ko madubi ko bamba in ɗan kabu-kabu ya goge ka za ka san Lexus ka saya. In kai da Hajiya da yara biyu ne, yawonka ofis da Birnin Kebbi, ba laifi.

Ford Edge da Explorer masu 3.5 farashinsu na jan hankali, sai dai watafamfonsu cikin injin yake, sarƙar taimin ke juya shi, in ya lalace ruwa na iya gangarawa cikin baƙin mai ba ka sani ba. Nissan Murano da Pathfinder ta 2013 zuwa 2020 giyar CVT (otomatik marar matakai) gare su, ba ta shiri da zafi kuma masu gyaranta ba su da yawa. Hyundai Santa Fe da Kia Sorento ba su da muni, amma masu injin 2.4 na wajen 2011 zuwa 2014 an sha kiransu gyara a Amurka saboda bugawar injin. Highlander Hybrid (mai haɗa fetur da batir) tana rage mai sosai cikin gari, amma batirinta iska ke sanyaya shi, ga ƙurar hunturu ga zafi ga shekaru, sai wanda ke da mai gyara a hannu. Ni dai waɗannan duka ba zan ba wanda wannan ce motarshi guda ɗaya shawarar su ba.

Wani abu da a ke ruɗewa, Highlander da RX a kan ginin Camry anka yi su, tsawo kawai sunka fi ta. In harkarka gona ce ko shiga ƙauyuka cikin rairayi da damina, 4Runner ko Prado masu shasi na ƙarfe daban su ne maganar, da shan mai da tsada duka. In kwalta ce rayuwarka ko mai AWD (mai ja da taya huɗu) ma ba dole ba, ƙarin kayan lalacewa ne kawai.

To ranar dubawa. Je da safe ka ce kar a tada ta kafin ka iso, injin mai sanyi ba shi ɓoye ƙara da hayaƙi. Buɗe lagireto ka ga ruwan, in ja ne ko ruwan hoda mai tsabta madalla, in ruwan tsatsa ne to ruwan rijiya anka riƙa ɗura mata. Tambayi ko an cire tamostat (abin da ke daidaita zafin ruwan injin) an haɗa fanka kai tsaye, al'adar makanikanmu ce wai don zafi, alhali ƙara shan mai take kuma sau da yawa wata cuta a ke rufewa da ita, ko gaskit ya taɓa ƙonewa. Bayan nan ka jira rana ta take, ka kunna esi ka bar ta tsaye rabin awa kana kallon allurar zafi, sannan ka hau hanyar Bodinga ka taka ka ji canjin giya. A sa kwamfuta a jiki, a kuma duba ƙasa a ga ko katalis (matatar hayaƙi da ke jikin salansa) na nan don ana yanke shi a sayar. Ɗaga kafet ka shinshina, motocin ambaliya da na haɗari daga gwanjon Amurka suna shigowa da yawa, lambar shasi in ka buga a intanet sau da yawa hotunan gwanjon na fitowa. Lambar mil da ke allo kar ta burge ka, ana juya ta, sitiyari da feda da kujerar direba sun fi faɗin gaskiya. Taya akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, wadda ta wuce shekara biyar shida ka sa kuɗɗin sabbi cikin ciniki, kwaltar Sakkwato da rana ba ta wasa da tsohuwar taya.

Takardar kwastan kuma mu da ke kusa da Illela mun fi kowa sanin zancen. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, don haka motar da anka ce maka sabon sauka ce daga Kwatano kuma ta yi arha fiye da kima, ka je ofishin kwastan da lambar shasi a tabbatar da diyutin kafin ka ba da ko sisi, dillali ya yi fushi in ya ga dama.

In ni ne, ga Highlander ta 2012 da ta sha wuya hannun mutum uku ga kuma ta 2009 mai tsabta da ruwan lagireto mai kyau, ta 2009 zan ɗauka, ragowar kuɗɗin in sa taya huɗu da batir, in juye duk mayukanta in zuba sabbi kafin tafiyar farko.