Shekara shida 'yata tana makarantar kwana a Jos: abin da na gani da idona

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce 'yata ta biyu ta rubuta takardarta ta ƙarshe a jarrabawar NECO, ta tattaro akwati da bokiti da katifa ta dawo gida, bayan ta shafe shekara shida a wata makarantar sakandare ta kwana mai zaman kanta da ke bayan garin Jos. Tun daga lokacin 'yan'uwa da maƙwabta suke tambayata ko makarantar ta cancanci kuɗin da ake biya, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuta amsata sau ɗaya, dalla-dalla. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin akwai abubuwan da zan soka, kuma na riga na faɗa wa hukumarta su ido da ido a taron iyaye da malamai.

Duk wanda zai kai ɗansa makarantar kwana a Jos, abu na farko da ya kamata ya tambaya shi ne yadda ake yi da sanyi. Garin yana kan tudu da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma a watannin Disamba da Janairu, idan hunturu ya kankama, ruwan da ya kwana a bokiti hannu ba ya iya daɗewa a cikinsa. Ana tayar da ɗalibai kafin asuba su yi wanka, Musulmi su wuce masallaci, Kirista su yi addu'ar safe, sannan a share ɗakunan kwana kafin a buga ƙararrawar karin kumallo. A ranar ziyarata ta farko, tana aji ɗaya, na kama hannunta na ga bayansa duk ya tsattsage, dugaduganta sun yi faso, man kaɗanyar da uwarta ta ba ta kuwa ya ƙare tun mako na uku saboda ta raba da abokan kwananta. Na je wurin matar da ke kula da ɗakin kwanan 'yan mata raina a ɓace, sai ta zaga da ni bayan kicin ta nuna mini manyan tukwane biyu a kan murhu, inda ake dafa ruwan wanka tun cikin dare domin 'yan aji ɗaya da aji biyu. Ta ce, "Alhaji, ruwan zafin yana nan, amma ƙananan ba su iya kutsawa cikin layi ba tukuna." Mako biyu bayan haka aka ware musu nasu layin. Wannan ne ya fara sa na yarda cewa mutanen nan suna jin magana.

Abinci ba ni da ƙorafi mai yawa a kansa. Kunu da ƙosai ko shayi da burodi da safe, shinkafa da wake ko dankalin turawa da rana, tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa da dare, sai gwaten acca wani lokaci a ƙarshen mako. Albarkar ƙasar Filato ta taimaka musu, domin kabeji da karas da koren wake ba sa yankewa a kasuwar Farin Gada, nama ne dai sai an lalubo. A watan azumi kuma ana tashi a dafa sahur mai zafi, a ajiye kunu da dabino kafin magariba.

Ruwa shi ne babbar matsalar da makarantar ta kasa magancewa har 'yata ta fita. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin damina ta sauka, rijiyar burtsatsen da suka dogara da ita takan ja baya, sai a koma jiran tankar ruwa, wadda wata rana ta zo wata rana ba ta zo ba. Na san haƙa rijiya a kan dutse irin na Jos akwai wuya da tsada, amma makarantar da ta iya gina sabuwar ƙofar shiga mai ado ba ta da hujjar barin yara mata suna rabon bokiti ɗaya tsakanin wanka da wanki da alwala.

Inda makarantar ta yi wa takwarorinta fintinkau, a ganina, shi ne tafiye-tafiyen ilimi, kuma saboda su ne na haƙura da sauran gazawarta. Makarantu da yawa sukan kwashi yara a mota a kai su gidan namun daji, a sha lemo, a ɗauki hoto, a dawo ba a ƙaru da komai ba. A nan kuwa kowace tafiya tana ɗaure da darasin da ake yi a aji, ana raba wa ɗalibai tambayoyi kafin a tashi, kuma rahoton da za su rubuta bayan sun dawo yana cikin makin zango. Tana aji biyu aka kai su gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ta hannun Bernard Fagg, Baturen da ya yi fice wajen binciken kayan tarihin Nok. Da ta zo hutu ta zaunar da ni tana ba ni labarin kawunan yumɓu da aka gasa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, da yadda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu. A harabar wurin kuma suka ga gine-ginen da aka kwaikwaya daga ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ta zana bakan gizon rufin a littafinta da fensir, zanen yana nan har yau a durowar ɗakina.

Tafiyar da ta fi taɓa ni ita ce wadda malamin labarin ƙasa ya kai su wajen tsoffin ramukan kuza da ke kewayen Bukuru, waɗanda ruwa ya cika suka zama tafkuna. Ya nuna musu tulin ƙasar da aka tono aka bari, ya bayyana musu dalilin da ya sa gefen tafkunan yake da zurfi da santsi har yara suke nutsewa a ciki, sannan ya kai su wurin manoman rani da ke jan ruwan da injin suna noman tumatir da latas. Aikin gida da ya ba su shi ne kowa ya tambayi iyayensa abin da ya kawo kakanninsa Jos. Ranar ziyara ta ce mini, "Baba, mu me ya kawo mu?" A nan ne na ba ta labarin kakana da ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi ya zo aikin lebura a ma'adinan kuza, yana ɗaukar ƙasa a kwano a ka, labarin da ban taɓa zama na ba 'ya'yana ba sai da wani malami ya tilasta mini ta hanyar aikin gida.

A aji biyar aka kai 'yan ajin kimiyya Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take wurin tun 1924, aka yi musu bayanin yadda ake haɗa allurar rigakafin cututtukan shanu da kaji, da tarihin yaƙi da cutar bushiya da ta taɓa ƙarar da garkunan Fulani. Daga wannan rana ta daina cewa lauya za ta zama, ta koma maganar likitancin dabbobi, kuma shi ta cike a takardar JAMB.

Duk da haka tsarin tafiye-tafiyen yana da aibi guda biyu da ba zan ɓoye ba. Takardar neman kuɗin tafiya takan iso ga iyaye saura 'yan kwanaki, saboda haka 'ya'yan waɗanda ba su da hali a lokacin sukan zauna a aji suna kallon mota ta tashi, alhali za a ba da maki a kan abin da ba su gani ba. Da an zuba kuɗin cikin na zango tun farko, da babu yaron da za a bari. Na biyun kuma sakaci ne wajen sanar da iyaye. Ranar da aka kai su magangarar ruwa ta Assop da ke kan hanyar Abuja, motarsu ta lalace a dawowa, ba su iso ba sai bayan isha'i, kuma babu wanda ya kira ko ya tura saƙo. Duk wanda ya zauna a Jos ya san yadda hankalin uba yake tashi idan dare ya yi ɗansa yana kan hanya bai san inda yake ba.

Game da nasarorin ɗalibai, allon da ke bakin ƙofa cike yake da hotunan waɗanda suka ciyo kofi a muhawara da gasar lissafi da musabaƙar Alƙur'ani, kuma sun cancanci yabo. Sai dai ni ba da wannan allon nake auna makaranta ba, domin yaro mai kaifin basira ko ina aka kai shi zai haska. Ina auna ta da irin 'yata, wadda take tsaka-tsaki, lissafi kuma yake ba ta wahala tun firamare. Malamin lissafinsu, wanda ya ɗauke su tun aji ɗaya har suka gama, abin da ba kasafai ake samu ba a makarantun kuɗi inda malamai ke yawan sauya sheƙa, yakan tara masu rauni ranar Asabar bayan azahar ya koma da su tushe ba tare da karɓar ko sisi ba. Ta fita da sakamakon WAEC mai kiredit a darussan da ake buƙata, har da Turanci da lissafi, kuma da guminta ta samu, domin makarantar ba ta yarda da satar amsa ba, ta kuma gaya wa iyaye haka ƙarara tun suna aji huɗu, har wasu suka janye 'ya'yansu suka kai su inda ake rubuta musu a allo. Abin da ya rage musu shi ne ɗakin kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma na'urorin da ke aiki a makarantar ba su ishi aji guda ba, sai da na biya wata cibiya a cikin gari lokacin hutu kafin hannunta ya saba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takardar sakamako. Babbar ƙawarta Kirista ce daga Pankshin, gadonsu ɗaya sama da ƙasa tun aji uku, ita take tashin ta sahur idan barci ya ɗauke ta, kuma da Sallah ta zo gidanmu ta kwana biyu. A garin da unguwanni suka rabu bayan rikice-rikicen da aka sha tun daga 2001, makarantar da ta iya haɗa yara haka ta yi aikin da ba ƙarami ba.

Kuɗin makaranta ya yi tsalle bayan cire tallafin man fetur a 2023, kuma akwai ƙananan caje-caje da ba a faɗa sai zango ya yi nisa, don haka mai niyya ya nemi a rubuta masa jimillar abin da zai biya a shekara kafin ya karɓi takardar shiga. Ni dai na karɓar wa ƙanwarta, za ta fara aji ɗaya a watan Satumba. Na sayi bargo biyu da rigunan sanyi da babban gwangwanin man kaɗanya, na kuma rubuta wa shugabar makarantar wasiƙa ina neman a sanya batun rijiya ta biyu a sahun farko na taron iyaye mai zuwa.