Na farke wayata da kaina: abin da na gani game da kayan gyara na iFixit

Wata uku kenan da sayen wannan Pro Tech Toolkit ɗin, wato jakar kayan gyaran waya da na'urori ta kamfanin iFixit, na ƙi cewa komai a kansa sai da na mora tukuna. Wayata ce ta ja min sayensa, shekararta huɗu a hannuna lafiyarta ƙalau, kamara garau, sikirin ko ƙwarzane babu, batir ne kawai ya gama yawo, ka cire ta daga caji da safe kafin rana ta yi tsaka ta ɗauke, har na fara leƙen sababbi a intanet sai ranar nan na jawo durowa ina neman wani abu na ci karo da tsofaffin wayoyina guda uku a kwance, kuma duk ukun in ba batir ba to bakin caji ne ya kai su can. Kunya ta kama ni wallahi.

Kayan suna zuwa ne a naɗe cikin wata 'yar jaka. Akwai sukundireba ɗaya mai kawuna 64 da ake canzawa, har da mai tsini biyar ɗin nan na iPhone wanda sukundireban gida ba ya kama shi, akwai hantsaki kala uku, robar da ake manna wa a gilashi a ja, 'yan falle-fallen roba na ɓamɓare murfi, da wani abin ɗaurawa a hannu don kar lantarkin jikinka ya ƙona injin. Abin da ya fi burge ni ɗan ƙarami ne, bakin sukundireban yana da mayen ƙarfe, ga kuma faifan maganaɗisu na ajiye noti, don notin waya fa kamar ƙwayar yashi yake, in ya faɗi ƙasa sai dai haƙuri.

Jagorar gyaran kyauta ce a shafinsu, hoto bayan hoto, tun 2003 suke wannan harka a Amurka. Sun ce a bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 kafin a taɓa batir, saboda in ka huda shi yana cike zai iya kamawa da wuta, wannan kam ban yi musu gardama ba. Wahalar duk tana wurin gam. Murfin baya a manne yake, sai da na yi ta hura masa zafi da na'urar busar da gashi ina zura robar a hankali ina zagayawa, hannuna na rawa, zufa na ɗiga, ina jin wani ɗan ƙas-ƙas ina cewa shi kenan na fasa. Da ya buɗe sai na tsaya ina kallo kawai. Abin da nake riƙe da shi dare da rana, nake kwana da shi a gefen filo, ban taɓa ganin cikinsa ba, kuma wai duk wannan mutuwar da nake cewa ta yi wani ɗan baƙin abu ne shafal da ya cinye kusan rabin cikin, sauran kuwa tsaf kamar yau aka haɗa. Awa biyu na yi a aikin da mai gyara zai gama kafin ka gyara zama, amma ta kawo wuta.

Ni da ina ɗaukar maganar sharar lantarki zancen manya ne, sai da na ga rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya cewa a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62, wanda aka san an tattara an sake sarrafawa kamar kashi 22 cikin 100 ne kawai, sai durowata ta faɗo min a rai. Kuma yawancin hayaƙi mai gurɓata yanayi da waya ke jawowa a wurin ƙera ta ne, cajin da muke yi kullum kaɗan ne a kai, kenan shekara biyun da nake sa ran na ƙara wa tawa ba wasa ba ce. Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 cewa daga 2027 batirin irin waɗannan kaya ya zama wanda mai shi zai iya canzawa da kansa, duk da akwai waɗanda aka ware.

Kafin ka saya ka sani batir da sabon gam daban ake sayensu, abin ɗumama murfi ma ba ya ciki. In kuma waya ɗaya tal za ka gyara a rayuwarka to ya yi maka yawa, ka nemi ƙaramin ko ka ara, ni kaina kawunan da na taɓa ba su kai goma ba. Mai gaggawa kuma ya kai wa mai gyara kawai, don a waya ta biyu na yi garaje na tsinke siririyar igiyar da ke haɗa wurin dangwala yatsa da injin, laifina ne, an rubuta a jagorar ƙarara ni ne ban karanta ba. Tana aiki dai, da lamba ake buɗe ta yanzu, ƙanwata na ba wa.

Daga baya na gyara rimot da fanka ƙarama da madannin kwamfutata. Saura wayoyi biyu a durowa, kuma akwai noti ɗaya da ya rage a kan faifan har yau ban gano daga ina ya fito ba.