Gredar bayan tarakta: yadda muka ƙare da kututturen kirya

Bara, ana gab da cire masara, na sayi gredar nan da ake ɗaurawa a bayan tarakta, mai faɗin ƙafa 7. Hanyar shiga gonata a wajen Saminaka duk damina sai ruwa ya cinye ta, masu manyan motoci kuma suka ce ba za su ƙara shigowa kwasar buhuna ba sai na gyara. Kuɗinta kuwa, ba sai na fama muku ciwo ba. Na ɗaura ta a Massey Ferguson 375 ɗina, kwana biyun farko sai hamdala: tana yankar tudu tana cike rami, kamar ana shafe tuwo da mara.

A rana ta uku aka fara. Akwai wata ƙusa da ke riƙe wuƙar gredar a kusurwar da ka saita ta. Muna cikin aiki sai ƙas, ta karye, wuƙar ta juya tana lilo. Muka sa ta biyun da aka haɗo mana da ita, kafin la'asar ita ma ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wannan ai cuta ce, a sayar maka da ƙarfe mai nauyin nan a riƙe shi da ƙusar da ba ta fi ta ƙyauren kaji ba. Na aiki yaron da ke tuƙa min cikin gari, na ce ya samo noti mafi ƙarfi da ke kasuwa. Ya dawo da wani baƙi mai lamba 10.9 a kansa. Har yaba masa na yi.

Kwana huɗu ba ta karye ba, ina ta jin ni gwani ne. Ranar ta biyar, muna kwanar da ke kusa da rafi, a giya ta uku, don ina gaggawar mota za ta shigo washegari. Wurin lumus yake, ciyawa ce kawai ta rufe shi. Ashe akwai kututturen kirya a ƙasa, wanda aka sare tun zamanin mahaifina, ƙasa ta binne shi da kamar yatsa uku. Wanda ya san kirya ya san ba a banza ake sassaƙa turmi da ita ba, ga ta ba ta ruɓewa da wuri. Gefen dama na wuƙar ya cafke shi. Ƙarar da na ji ba ƙas ba ce irin ta da, wani gum ne da na ji shi har cikin haƙorana. Taraktar ta tsaya cak, bayanta ya zille gefe, yaron ya bugi sitiyari da ƙirji. Allah ya kiyaye, bai ji ciwo ba. Da muka sauka, notina na nan lafiya lau yana ƙyalli. Amma ramin da yake ciki ya yage ya zama kamar ƙwai, wuyan gredar ya murɗe, kuma hannun ɗagawa na dama na taraktar ya lanƙwashe. Garin neman gira na rasa ido.

Sai da na kai gredar Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe a Kaduna. Dattijon da ya duba ta bai ko kalli wuyan ba, notin ya zare ya juya kansa, ya ce, "Alhaji, wa ya sa wannan?" Na ce ni ne. Ya nemi guntun ta farko, na ciro a aljihun mota, ya nuna min 4.6 a kanta. Ya ce da gangan aka yi ta da taushi, don in an yi karo ita ta mutu sauran su tsira, kamar fis a wayar wuta. Kunya ta kama ni, domin sau biyun nan da ta karye, duwatsun marmara ta cece ni daga gare su ina zaginta.

To a nan na sauko, na ce gredar ba ta da laifi. Amma da na zauna na yi lissafin kuɗin gyara da kwana tara da taraktar ta yi a ajiye, sai haushin ya dawo. Wanda ya sayar min ya ɗauki kusan awa yana yabon kaurin ƙarfe da fenti, bai taɓa cewa uffan a kan ƙusar nan ba. Ba takarda, ba bayani, ƙusa ɗaya tak ta ƙari. Kuma ya san girman taraktata, mai ƙarfin doki 75, ya ba ni gredar da ƙusoshin ɗaurinta na ƙananan taraktoci ne, sai da aka sa musu bushi, wato zoben ƙarfe mai ƙara musu kauri, suka zauna. Da na kira shi, cewa ya yi, "Ai kowa ya san wannan, ranka ya daɗe." Kowa wa? Fentin ma da ya cika ni da shi ya ɓare kafin azumi.

Bana na canja hannu. Kafin wuƙa ta taɓa ƙasa, mu biyu muke bin hanyar da ƙafa da rodi muna soka ƙasa, duk inda ya tokare mu kafa kara mu ɗaura leda ja. Zagayen farko ina juya wuƙar ta ba gaba baya, don in ta ci karo da abu ta haye shi maimakon ta cije. Giya ta ɗaya, yanka kaɗan-kaɗan. Na kuma hana tura ƙasa da baya da ƙarfi, tunda hannayen nan don ja aka yi su, ba don tunkuɗa ba. A kakar nan ƙusa huɗu muka karya, kowacce minti biyar da sifana an wuce wurin.

In za ku saya, ku saya, tana aiki, amma ba a wurin mutumin nan ba. Kututturen kuwa yini guda ma'aikata uku suka yi da gatari da diga kafin ya fito, yana nan na jingine shi a bakin kwanar.