Sharhi: Burodar gas a hunturun Sakkwato

Na yi rainon 'yan tsaki da burodar gas, wato na'urar ɗumama su, irin mai rumfar ƙarfe da ake ratayewa a sama, a sanyin Disamba da Janairu da kuma farkon bazara a nan Sakkwato. Ta fi kurfotin gawayi nesa ba kusa ba. Sai dai duk wanda zai saye ta bai haɗa da ma'aunin zafi ba, gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa sai ya kusa mako 2. A makon farko yana son zafi tsakanin digiri 32 zuwa 34 a daidai tsayin bayansa, daga nan a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. Daren Janairu kuwa a garin nan sanyi kan sauko digiri 15 ko ƙasa da haka, kuma ya fi tsanani gab da asuba, daidai lokacin da gawayi ya zama toka, mai tsaro kuma barci ya ɗauke shi. A nan gas ya ciri tuta. Yadda aka saita wutar bayan isha'i haka za a tarar da ita da safe, ba hayaƙi, ba garwashin da zai faɗo kan dusar katako.

Adadin 'yan tsakin da ake rubutawa a jikin kwalin burodar ba abin dogara ba ne. Lissafin rufaffen ɗaki ne, ba irin namu mai raga da aka lulluɓe da leda ba. Wadda aka rubuta wa 500, a hunturu kada ta wuce 300. A zagaye su da katanga ta kwali ko falanki mai tsayin santimita 45, da'ira mai faɗin mita 3, ba mai kusurwa ba, domin a lungu suke danne juna. A zuba dusar katako ko ɓuntun shinkafa mai kaurin santimita 5 zuwa 8. A rataye burodar da sarƙa, ba igiyar roba ba, kimanin mita 1 daga ƙasa, sannan a ɗaga ko a sauke gwargwadon abin da ma'auni ya nuna. Ma'aunin kuma a ƙasa ake ajiye shi, a gefen inda zafin yake sauka. Wanda aka rataye a bango ƙarya zai faɗa.

A kunna ta awa 24 kafin isowarsu. Mutane da yawa suna ganin ɓarnar gas ce, ni kuwa ina ganin shi ne gas ɗin da ya fi kowane amfani. 'Yan tsakin da suka kwana a mota daga Ibadan suna sauka a galabaice, idan suka taka ƙasa mai sanyi sai su takure, su ƙi ci, su ƙi sha. Bayan awa biyu da sauke su, ɗauki ɗaya ka ɗora tafin ƙafarsa a kumatunka. In ka ji sanyi, ƙasar ba ta ɗumama ba, ko me ma'auni ya ce. Washegari a shafa jakar abincin da ke ƙasan wuyansu: ya kamata kusan duka a ji ta cike da laushi. Mai tauri ta ci ba ta sha ba, wadda take fayau ba ta gane abinci ba.

Su kansu suna nuna halin da suke ciki. Cunkushewa ƙarƙashin rumfa da kuka mai ƙarfi, sanyi ne. Guduwa jikin katanga da buɗe baki da sakin fukafukai, zafi ya yi yawa, kuma nan da kwana biyu za a fara ganin kashi ya liƙe musu a dubura. In suka taru gefe guda, iska ce take shigowa ta wata kafa.

Babban aibin burodar a wurinmu ƙura ce. Hazo yana toshe ɗan ramin da gas yake fitowa da kuma matatar iska, sai ragar da ya kamata ta yi jawur ta dushe, harshen wuta ya koma ruwan ɗorawa, baƙi ya fara taruwa a rumfar. Irin wannan wutar tana fitar da iskar guba marar wari, wadda gawayi ma yake fitarwa. Duk kwana biyu ko uku a kashe, a bari ta huce, a share da busasshen buroshi. Kada a cusa allura a ramin, faɗaɗa shi take yi.

Sai maganar bawul. Masu arha ba su da abin da yake datse gas idan wuta ta mutu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, inda hancin 'yan tsakin yake, ga kuma haɗarin gobara da zarar an kyasta ashana. Ƙarin kuɗin mai bawul ɗin kariya bai kai asarar dare ɗaya ba. A tambayi mai sayarwa irin regileta da take buƙata, domin wasu ba sa ci sosai da na rishon gas. Tukunyar gas ta zauna a waje cikin inuwa, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ta tiyo, in ya yi kumfa to akwai yoyo. A kuma tanadi tukunya ta biyu a cike, don ba a cika gas da ƙarfe uku na dare.

Kada a toshe ɗakin ruf da leda don tattalin gas. Wutar tana cin iskar da su ma suke shaƙa. A bar tazara ta sama, wajen tafin hannu, a ɓangaren da iska ba ta bugowa. Kajin nama da aka raina cikin ƙarancin iska su ne ake gani daga baya da ruwa a ciki. Iskar hunturu kuma busasshiya ce, zafin buroda yana ƙara busar da ita, don haka kwanon ruwa ɗaya ga kowane 50, a jera su nesa kaɗan da tsakiyar zafi, kada ruwan ya yi ɗumi su ƙi sha.

Ɗumi yana rage mace-macen makon farko, amma ba ya hana cutar Gumboro ko fakat. Rigakafi yana nan daram bisa jadawalin da likitan dabbobi ya bayar. Ranar bayarwa a ruwan sha, a fara janye ruwa na awa 1 zuwa 2, a yi amfani da ruwa marar kulorin, a sa madarar gari marar maiƙo giram 2 a kowace lita, a janye kwanukan daga ƙarƙashin burodar tunda zafi yana kashe maganin, su shanye cikin awa 2. In mutuwa ta yi yawa duk da zafi yana daidai, a kai gawar da ba ta daɗe ba asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a buɗe a gani, kafin a fara ɗura magani da ka.

Mai zuba 200 zuwa sama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya saya, mai bawul. Mai raino a Afrilu da Mayu, lokacin da rana take haura digiri 40, ba zai kunna ta ba sai tsakar dare zuwa hantsi a 'yan kwanakin farko, kuɗinsa ya fi buƙatar zuwa wajen inuwa da ruwan sanyi.